Zazzaɓin Kwamfutar Baba

Ranar wata Talata bayan la'asar Baba ya kira ni, ina tsakiyar aiki. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ba halinsa ba ne.

"Injiniya, abar nan taka ta sake mutuwa."

Tun ranar da na kawo masa takardar digirina ta kimiyyar kwamfuta yake kirana Injiniya. Na gaji da yi masa bayani cewa manhaja nake rubutawa, ko wayar fanka ban iya haɗawa ba. "Abar nan taka" kuwa wata kwamfutar tebur ce ta hannu da na saya masa shekarar da ya yi ritaya daga koyarwa, don ya daina cika kwalaye da littattafan rubutu. Da yatsu biyu yake bugawa, yana laluben ƙ da ɗ kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, amma a haka ya tara shafi fiye da 200 na tarihin gidanmu: yadda kakansa ya baro ƙauye da jaki da kayan ƙira ya shigo Kano, makarantun da shi kansa ya koyar, da mutanen da yanzu babu wanda ya san sunayensu sai shi.

Yana cikin rubutu sai kwamfutar ta ɗauke ɗif. Ba gargaɗi, ba shuɗin allon nan mai rubutu, ba ƙara. Kamar an ɗauke wuta, alhali ga fitila a kunne, fankar sama tana juyawa. Na tambaye shi me yake yi da ita sa'ad da ta mutu.

Ya ce, "Rubutu mana. Me nake yi da ita in ba rubutu ba? Ni dai a ganina zazzaɓi take yi. Da safe lafiya lau, rana na take tsaka sai jikinta ya yi zafi rau, ta kwanta."

Na yi dariya, na ce ina nan zuwa ranar Asabar.

Na je bayan magariba. Akwatin kwamfutar yana cikin ɗan kabad ɗin da ke jikin teburin Baba, an lulluɓe shi da wani ƙyalle mai aikin zare a gefe. Na buɗe ƙofar, na yaye ƙyallen na jefa kan kujera, na jawo akwatin tsakiyar ɗaki don in ga wayoyin baya sosai. Sannan na fara abin da na iya. Windows yana da wani kundi da ake kira Event Viewer inda yake rubuta duk abin da ya same shi. A nan na ga saƙo ɗaya yana ta maimaita kansa: Kernel-Power, lamba 41. Duk wanda ya taɓa bin sawun irin wannan matsala ya san lambar nan, ya kuma san haushinta. Ma'anarta kawai ita ce kwamfutar ta mutu ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba. Kamar ka kai ƙarar sata ne, a ba ka takarda mai hatimi da ke tabbatar da cewa lallai an yi maka sata.

Na zargi bairos, tunda jikoki suna soka filash ɗinsu yadda suka ga dama. Na saka manhajar kariya mai nauyi, ta bincika ba ta samu komai ba. Na zargi ram, na bar MemTest86 yana gwada shi har asuba, ko kuskure ɗaya babu. Mako na biyu na koma kan wutar lantarki. Wutar da ya kamata ta zo a 230 takan sauka ƙasa sosai a unguwarmu, har fanka ta riƙa juyawa kamar mai jin barci, don haka na sayo sitabilaiza da ƙaramin UPS da kuɗin da na ware don tayar mota. Bayan kwana uku ta sake mutuwa, UPS ɗin ko tari bai yi ba. Mako na uku na kwashe rubutun Baba a filash, na goge komai na sake saka Windows, wanda shi ne abin da irinmu muke yi idan dabara ta ƙare amma ba mu son a gane.

Duk zuwan nan uku, ko sau ɗaya ba ta mutu a gabana ba.

A wurin aiki, idan wani ya kawo ƙorafin da muka gwada muka kasa ganinsa da idonmu, mukan rubuta cewa ba a iya maimaita matsalar ba, mu rufe maganar. A bayan ido kuma mukan ce mai amfanin ne matsalar. Da wannan halin na shiga ɗakin mahaifina. Na ce, "Baba, anya ba ƙafarka ce take taɓa waya ba? Ko kana danna maɓallin kashewa ba ka sani ba?"

Ya dube ni na ɗan lokaci. Mutumin da ya yi shekara 35 yana koya wa yara lura da abin da ke gabansu. Ya ce, "To, ƙila tsufa ne." Bai ƙara komai ba. Har yau in na tuna yadda ya faɗe ta sai in ji kunya ta rufe ni.

Cikin mako na huɗu ƙanwata ta kira ta ce Baba ya daina rubutu. Inna ta rasu shekara biyu kafin nan, kuma duk babin da ya zo kusa da ita sai ya tsallake. Ashe a makon nan ne ya zauna ya fara babinta, yana tsaka da shi kwamfutar ta ɗauke. Na kira shi da sauri, ina ganin albishir na kawo. Na ce kada ya damu, Word yana adana kwafi duk bayan minti 10, abin da ya ɓace ba zai wuce sakin layi biyu ba.

Ya ce, "Su biyun nan ne na yi shekara biyu ina nema. Ka bar shi kawai, Injiniya. Wataƙila Allah bai nufa a rubuta ba."

Washegari na ɗauki hutu. Na isa gidan kafin azahar, na yi wa kaina alkawarin ba zan taɓa komai ba sai wata 'yar manhaja da ke nuna zafin furosesa, wadda na saka na bar ta a kusurwar allo. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, ɗakin Baba kuma rufin kwano ne da silin mai kauri kamar kwali. Da kyar na lallashe shi. Na ce ya yi duk abin da ya saba yi, kamar ba na nan.

Ya dawo daga masallaci, ya buɗe kabad, ya ɗaga gefen ƙyallen ya danna maɓalli, ya mayar da ƙyallen ya gyara masa zama, ya tura ƙofar kabad ɗin ya rufe ruf.

Na ce, "Baba, kullum haka kake rufewa?"

"Saboda ƙura. Ka manta garin da muke?"

Na zauna a kan tabarma ina kallon lambar. Ta fara daga 60 da 'yan kai, wanda tun a nan ya yi yawa ga kwamfutar da ba abin da take yi sai karɓar haruffa daga yatsu biyu. Ta hau 75. Manhajar kariyar da ni na saka ta tashi binciken da take yi a ɓoye, lambar ta tsallaka 90. Linzami ya fara jan ƙafa. Ba a cika minti 40 ba allon ya yi baƙi. Na zura hannu cikin kabad ɗin, sai ka ce tandar waina.

Abin da ya sa na kasa yafe wa kaina da wuri shi ne na san wannan tun ina aji biyu a jami'a. Furosesa yana da ma'aunin zafi a cikinsa. Idan ya doshi digiri 100 sai ya rage gudu don ya huce, in hakan bai yi ba sai ya yanke wuta gaba ɗaya kafin ya ƙone. Ba ya neman izinin Windows, shi ya sa Windows ba ya samun damar rubuta komai sai lamba 41 bayan an sake kunnawa. Kwamfutar ba lalacewa take yi ba, ceton kanta take yi. Ni kuwa kullum da dare nake zuwa, in fito da ita fili, in yaye ƙyalle, in kunna fanka a kanta, sannan in zauna ina jiran ciwon da na riga na yi wa magani da hannuna ban sani ba.

Da ta huce na kwance murfin gefe. Tsakanin ƙaramar fankar ciki da ƙarfen nan mai haƙora kamar mataji, wanda aikinsa zuƙe zafi, ƙura ta saƙu ta zama kamar bargo, ja-ja, har ana iya ɗaga ta da yatsa. Hunturu bakwai ke nan a kwance. Masana sun ce yawancin ƙurar hunturunmu daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska take kwaso ta. Na tsaya ina kallon guntun Chadi a tafin hannuna.

Daga nan ban yarda da hannuna ba. Na ɗora akwatin a mota na kai Beirut Road, wurin wani matashi da ba zai wuce shekara 20 ba. Ban gama bayani ba ya katse ni: "Yallaɓai, da rana take mutuwa ko da dare?" Tambayar da na yi mako uku ban yi ba, alhali an ba ni amsarta tun ranar farko. Ya hure ƙurar da bulowa har maƙwabtansa suka yi ta mita. Ya ɗaga ƙarfen, ya nuna mini man da ake shafawa tsakaninsa da furosesa don zafi ya wuce, ya bushe ya zama ƙanzo. Ya goge da sifirit, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya canza fankar da ta fara cijewa. Kuɗin bai kai na man da na ƙona ina zirga-zirga ba.

Da daddare nake ba ƙanwata labari, sai ta ce ai Inna ce ta ɗinka ƙyallen, kuma don dare ta ɗinka shi. Duk sa'ad da Baba ya zauna rubutu takan shigo da shayi, ta yaye ƙyallen ta ninke, ta bar ƙofar kabad a buɗe, tana cewa a bar baiwar Allah ta sha iska. Baba idonsa na kan allo, bai taɓa lura ba. Ni ma da nake zuwa ina tafiya ban taɓa lura ba.

Ban gaya masa wannan ba. Na dai ɗora akwatin a kan tebur, na mayar da adanawar Word duk minti ɗaya, na cire manhajar kariyar nan tawa. Na ce ƙyallen sai in an kashe. Sannan na durƙusa kusa da kujerarsa na ce, "Baba, zazzaɓin ne. Ka yi haƙuri."

Ya ce, "Ai na gaya maka." Ya ɗauki ƙyallen ya ninke biyu, ya shimfiɗa a cinyarsa.

'Yar manhajar zafin nan na manta ban cire ba, ta kuwa zama abin dubawarsa. Jiya bayan la'asar ya kira.

"Injiniya, yau 52."

"Lafiya lau ke nan, Baba. Babin fa?"

Ya yi shiru kaɗan, ina jin ƙarar fankar sama ta cikin wayar.

"Waɗancan biyun ba su dawo ba. Na rubuta wasu. Yanzu na kai ranar da aka kai lefe."