Mai Tsohon Ciki Da Azumi

A Dabai da sauran garuruwan ƙasar Zuru, tsohon ciki ba ya hana mace ɗiban ruwa, ko surfe, ko kai abinci gona. Idan kuwa watan azumi ya faɗo a bazara, kamar yadda ya faɗo a watan Maris na 2024, sai ta haɗa wahala biyu, ga nauyin ciki, ga ƙishirwa ta awa 13 da ɗoriya. Na sha tambayar matan gidanmu abin da ke hana su ajiyewa. Amsarsu ɗaya ce: kunya, da gudun ramuwa su kaɗai bayan salla.

Wannan damuwa ba a kanmu aka fara ta ba. Yahudawa suna da wata babbar rana, Yom Kippur, wadda suke kame baki daga faɗuwar rana har bayan faɗuwar ta gobe, wajen awa 25, ba ci ba sha. Duk da girman ranar, tsohon littafinsu na shari'a, Mishna, ya ce a ba mai ciki abinci in ta matsu, har hankalinta ya komo. Malamansu kuma sukan yarje wa wadda ake jin tsoro a kanta ta riƙa kurɓar ruwa kaɗan kaɗan, kamar kowane minti 9. A 1983 likitocin wani asibiti a birnin Ƙudus suka ba da labarin cewa haihuwa takan yawaita da zarar an gama wannan azumi. Dalili kuwa, in ruwa ya ƙaranta a jiki, mahaifa takan fara murɗawa tun lokaci bai yi ba.

To, mu ma addini bai bar mu cikin duhu ba. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya nuna cewa mai ciki in ta ji tsoro a kan abin da ke cikinta, ta sha azumi. Daga baya sai ta rama. Wannan sauƙi ne daga Allah, ba kasawa ba ce.

Saboda haka, 'yar'uwa, je ki awo tun kafin wata ya tsaya, ki ji shawarar ungozoma. In kin ɗauka, kika ji jiri, ko fitsari ya ragu ya yi ja, ko mara ta fara ciwo, ko ɗan ya rage motsi, ki sha ruwa nan take, ki nemi asibiti. Kai kuma maigida, rage mata aiki, kada ka bari a yi mata gori. Azumi ana rama shi, amma bakwainin da ya zo bai ƙosa ba, ba a mai da shi ciki. Allah ya sauki matanmu lafiya, amin.