Katin da Yaya Ya Bari

Daren wata Asabar, a fadarmu ta bayan ɗakunan kwanan ɗalibai a Maradi, ana kan shayi na biyu, wani abokinmu ɗan Yamai ya kawo wasa. Ya ce kowa ya zaɓi shekara guda, ya faɗi albam ɗin da suka fi kwanta masa a rai a cikinta. Shi ya fara, kuma da gani ya yi shiri tun daga ɗaki. Ya ce shi 2013 ya ɗauka, don a ganinsa Nijar ba ta taɓa yin shekarar kiɗa kamarta ba.

Ya shiga lissafi da yatsu. Na farko Nomad, na Bombino ɗan Agadas, wanda aka ɗauka a birnin Nashville na Amurka ƙarƙashin Dan Auerbach, ya fito a watan Afrilu, har ya hau matsayi na ɗaya a jerin Billboard na kiɗan duniya. Na biyu Kaani, na ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda Almeida ke jagoranta, mutumin da ke aikin shari'a da rana ya riƙe jita da dare; kamfanin FatCat ne ya fitar da shi waje a watan Satumba. Na uku The Sahara Sessions, na Etran Finatawa, ƙungiyar da ta haɗa Abzinawa da Wodaɓe. Na huɗu Afelan, na Mdou Moctar. Yana faɗa yana buga gwiwa, kamar shi ya kaɗa su.

Sai ya juyo gare ni. "To, ɗan Cadakori, kai fa? Mi kuka ji a 2013?"

Na ce, "Mu ba mu da albam. Kati gare mu."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Aka wuce ga na kusa da ni. Amma daren nan ban yi barcin kirki ba, saboda amsar da na bayar gaskiya ce, na kuwa faɗe ta kamar abin kunya. Wannan rubutu shi ne amsar da ya kamata in ba shi.

A 2013 ina aji biyu a kolej. A Cadakori waƙa ba ta zuwa cikin kwali mai hoto da suna da shekara. Tana zuwa ne ta hannun mai caji. Rumfarsa na bakin kasuwa, da ɗan janareto da wata tsohuwar kwamfuta da ya lulluɓe da zane saboda ƙura. Ka ba shi katin memori da ƴan canji, ka ce, "Cika mini." Ba ya tambayarka wane mawaƙi kake so, sai dai ya dubi shekarunka. In saurayi ne ya zuba maka Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita da Fati Nijar, wadda muke alfahari da ita don ƴar Maradi ce. In dattijo ne ya ba shi Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace. Kowa kuma sai ya samu ƴan waƙoƙin Indiya da wa'azi ɗaya ko biyu a matsayin gyara. Abin da ya rage, Bluetooth ke yinsa: a gona, a bakin rijiya, a bayan aji, waya ta matso kusa da waya, waƙa ta tsallaka. Kafin ta iso gare ka ta ratsa hannu goma, sunanta ya faɗi a hanya. Abin da za ka gani a fuskar waya shi ne "Piste 03", "Piste 11", ko wasu lambobi marasa kai.

Yayana shi ne ɗan farin Inna, ya girme ni da shekara tara. Katinsa ya sha bamban da na kowa, don ba ya yarda mai caji ya zuba masa yadda ya ga dama. Zama yake yi ya zaɓa, ya goge, ya jera. Waƙa arba'in da ƴan kai ne a ciki, kuma yana da dalilin wurin da ya ajiye kowace. Ta safe daban, ta huɗa daban, ta dawowa daga gona a kan amalanke daban. In na taɓa masa jeri sai na sha ranƙwashi.

Ta bakwai a jerin ita ce baƙuwa. Muryar an bi da ita ta cikin na'ura, tana rawa irin ta waƙoƙin finafinan Kano, amma harshen ba Hausa ba ne, kuma jita ce ke jan ta. Wani direban babbar mota ne ya tura masa ita a tashar Gidan Rumji. Babu wanda ya san mai waƙar, babu wanda ya san abin da take cewa. Muna ce mata "ta Buzaye". Yaya kan sa ta bayan isha'i, ya kwanta rigingine a kan tabarma, ya ɗora wayar a ƙirji.

Damina ta wuce, muka yanke gero, rumbu bai cika ba. Kafin Sallar Layya Yaya ya ce zai tafi arewa neman kuɗi. Agadas tukuna, daga nan duk inda hanya ta buɗe. Daren da zai tafi ya cire katin daga wayarsa ya miƙo mini. Ya ce, "Auta, riƙe wanga. Can sai an caje mutum, ban son shi ɓace. In na komo ka ba ni abuna yadda na bar shi." Na naɗe shi a takardar sigari, na sa cikin littafin lissafi.

Ya kira sau ɗaya daga Agadas, sau ɗaya daga Arlit. Daga nan shiru.

A ƙarshen watan Oktoba labari ya fito a rediyo. An tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Akasarinsu mata ne da yara daga kudancin ƙasarmu. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Baba ya ji a BBC da safe, ya sake ji a Muryar Sahel da rana, ya kashe rediyon, ya ɗauki butarsa ya fita. Maƙwabta suka riƙa shigowa suna cewa ai maza kaɗan ne a ciki, ai ba lalle ta nan ya bi ba. Kowa na faɗa yana kallon ƙasa.

Mai karatu, in kai Bahaushe ne ka san alkunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba tun da ta haife shi. Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarsa, in ana zancensa sai ta kama wani aiki. To a kwanakin nan ma ba ta karya ba. Ta yi daka, ta yi tuwo, ta amsa gaisuwa. Ko sau ɗaya ban ji ta ce "ina yaron nan yake" ba.

Ni kuwa na ari tsohuwar wayar kawuna, na sa katin. Kullum dare in shiga zaure in kunna a hankali, in bi jerin daga farko har ƙarshe, ban tsallake ko ɗaya ba. A raina ina ganin in na kiyaye jerin yadda ya bar shi, to shi ma ana kiyaye shi a inda yake. Tunanin yaro ne, amma da shi na rayu.

Wani dare, wajen kwana na goma da jin labarin, na ji motsi a bakin zaure. Inna ce tsaye da fitila a hannu. Na yi sauri zan kashe, don ita ba mai son kiɗa ba ce, kullum faɗanta shi ne waya ta hana mu karatu. Sai ta ce, "Bar shi." Ta zauna a dokin ƙofa, ta juya mini baya. Can ta ce, "Sa mini wagga ta Buzayen."

Na sa. Ta ƙare, ta ce in sake. Sau uku muka ji ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce komai ba. Da ta tashi sai ta ce, "Ka kwanta, gobe da lakwal." Tun daga ranar, duk dare sai ta zo. Sunan da bakinta ba zai iya faɗa ba, ta samu hanyar tambayarsa. Ni da ita ba mu taɓa yin zancen ba, har yau.

Ranar kwana talatin da bakwai waya ta yi ƙara a aljihun Baba ana cikin alwalar la'asar. Yaya ne, daga Tamanrasset. Ta wata hanya suka bi, an ƙwace masa waya, sai da ya yi aikin gini ya samu abin kira. Baba ya yi ta faɗin alhamdu lillahi. Aka miƙa wa Inna wayar, ta ce, "To, madalla. A yi ta haƙuri," ta mayar. Daren nan ba ta zo zaure ba, ba ta kuma sake zuwa ba.

Shekara uku ya yi kafin ya dawo. Ya dawo da ƴan kuɗin da aka yi rufin kwano da su, da gemu, da natsuwar da ban san shi da ita ba. Ya daina jin kiɗa. Bai yi wa kowa wa'azi ba, bai hana kowa ba, shi dai ya bari. Na kawo masa katinsa cikin takardar sigarin nan, ina jiran ya yi murna. Ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Har yanzu kana da shi? Goge shi, Auta, ka sa karatu." Na ce, "To, Yaya."

Ban goge ba. Wannan ce ƙarya mafi tsawo da na taɓa yi masa, kuma in ɗan littafin nan ya kai Cadakori, to yau ta ƙare. Ya ce in ba shi abinsa yadda ya bar shi, na kuwa kawo. Amma abin da ke cikin katin a lokacin ya wuce nasa shi kaɗai. Akwai dare ashirin da wani abu na Inna a ciki, waɗanda bai san da su ba, ni kuma ba ni da bakin gaya masa.

Sai da na zo jami'a na san sunan baƙuwar. Wata rana abokin nan namu ɗan Yamai yana jin waƙoƙi a kwamfutarsa, sai ga ta. Na kusa zubar da shayi. Ya ce ai Mdou Moctar ne, sunanta "Tahoultine", daga albam ɗinsa na farko, Anar. A Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, shi ya sa muryar ta yi kama da ta finafinan Hausa. Albam ɗin bai bi ta kanti ba, ta waya ya yaɗu, daga kati zuwa kati, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsince ta a wayoyin mutane a arewacin Mali, ya sa ta cikin tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones, ya yi ta neman mai ita har ya same shi. Kamfaninsa, Sahel Sounds, shi ya fitar da Afelan ɗin da abokina ke yabo. Ashe hanyar da waƙar ta bi ta iso zaurenmu ita ce dai hanyar da ta bi ta kai mai ita duniya. Rumfar mai caji da muke rainawa tana cikin tarihin.

Da na gaya wa abokina cewa ita ce waƙata ta 2013, sai ya ce ba ta shiga lissafi, tunda a 2008 ta fito. Ta fuskar masu jera albam a jarida yana da gaskiya. Su suna ƙirga ranar da abu ya fito daga kamfani. Na saurari huɗun nan nasa daga baya, kuma sun cancanci yabon: Kaani na sa ƙafa motsi ko mutum bai so ba, jitar Nomad kuwa kamar mota a kan hanyar da babu rami. Ina jin daɗi in ga sunan ƙasata a jerin da ake yi a Turai da Amurka. Sai dai a 2013 ɗin kanta, ko ɗaya daga cikinsu bai iso kunnena ba. Mu a ƙauye waƙa tana da shekara biyu: wadda aka yi ta, da wadda ta same ka. Ta biyun ce muke tunawa, don ita ce ke haɗe da rumbun da bai cika ba, da wanda ya tafi, da wanda ya zauna jira.

Kuma in albam shi ne waƙoƙin da wani ya zaɓa, ya jera su da niyya, ya ce a ji su a haka, to Yaya ya yi albam. Kwafi ɗaya ne tak, ba shi da suna, masu sauraronsa mutum biyu.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ban musa ba, amma ni bana lafiya lau nake. Yaya na da shago da ƴaƴa uku, Inna na nan da ƙarfinta, har yanzu ba ta kiran sunansa. Katin ne dai ya mutu. Bara na sa shi a waya, ta ce babu komai a ciki. Na kai wa masu gyara biyu a kasuwar Maradi, kowa ya ce ya ƙone. Waƙoƙin duk ana samunsu a intanet yanzu, da sunayensu da hotunansu. Jerin ne babu inda yake sai a kaina, shi ma ya fara zubewa: na tabbata da goma sha biyun farko, daga nan sai in riƙa haɗa ta ashirin da ta ashirin da biyar.

Saboda haka, abokina, ga amsata, ko da ta makara. Shekara: 2013. Albam: katin Yaya. Waƙar da ta fi: ta bakwai. In an sake zama a fada, a zuba mini na uku mai sukari, zan faɗa muku sauran goma sha ɗayan da nake tunawa.