Duna Bai Yi Kuka Ba

Kawuna mafarauci ne, kuma karnuka biyu yake ji da su, Duna da Bar-su. Uwa ɗaya ta haife su, amma kowa da halinsa. Bar-su ko ƙaya ya taka sai duk unguwa ta ji. Duna kuwa shiru-shiru ne, yara su ja masa jela ko gurnani ba ya yi.

A wata farautar rani gadu ya farke wa Duna cinya da haurensa. A kafaɗa Kawu ya kawo shi gida, ya kwantar da shi a gindin darbejiya, ya miƙo mini kwanon ruwan gishiri ya ce, “Riƙe nan, ɗana.” Da allura da zare ya ɗinke fatar kamar mai ɗinkin buhu. Duna bai yi kuka ba. ’Yan farauta suka hau yi masa kirari, wai wannan kare ya ci tauri.

Ni da nake durƙushe kusa da kansa, abin da na gani daban ne. Jikinsa na karkarwa, kunnuwa sun kwanta, yana haki ba ƙaƙƙautawa, farin idonsa duk a waje.

Bayan ’yan kwanaki ya daina cin abinci. Ƙanena ya shafa shi kusa da ɗinkin, sai ya kai masa cizo, abin da bai taɓa yi ba. Maƙwabta suka ce ya haukace, a kashe shi. Kawu ya ce, “Ku dakata, ciwo ne ke cin sa.” Ma’aikacin dabbobi da aka kira ya tarar wurin ya tara mugunya, ya wanke, ya yi masa allura. Da ya warke, yara suka koma jan jelarsa.

Ashe ko masana gane zafin da kare ke ji na ruɗa su. A wani bincike da aka wallafa a 2023, Jami’ar Jihar North Carolina a Amurka ta gwada karnuka 149 daga nau’i 10, aka ga jin zafi ya bambanta tsakanin nau’o’in, amma bai zo daidai da yadda likitocin dabbobi suke zato ba.

Mai kare, idan naka ya ƙi abinci ko halinsa ya sauya farat ɗaya, nemi likitan dabbobi. Kada ka ba karen ibuprofen, guba ce gare shi.