Kunnen Kawu da Agogon Bature

Motar da ta jawo wannan magana Toyota Land Cruiser ce ƙirar 1985, wadda masu sha'awarta ke kira FJ60. Na saye ta a Denba, babban birnin jihar Kolorado, uwargida tana cewa na zubar da kuɗi a rijiya. Ban musa mata ba. Irinta malaman gona da masu allurar shanu ke shigowa garinmu da ita muna yara, mu bi ƙurarta da gudu har bakin rafi, kuma tun lokacin na ƙudurta a raina wata rana sai na riƙe sitiyarinta.

Wata uku muka yi lafiya lau, sannan ta fara nuna hali. Idan na taka totur daga tsaye sai ta cije kamar wanda loma ta sarƙe, ta ɗan yi shiru, sannan ta fizga. Idan kuma injin ya ɗau zafi na tsaya a danja, sai silo ya yi ta sauka, ta yi jijjiga, ta mutu. A Kano in mota ta mutu a danja, kafin ka buɗe ƙofa samari uku sun dafa bayanta. A nan kowa zai kewaye ka ya wuce abinsa cikin ladabi.

Na fara kai ta wani gareji kusa da gida. Saurayin da ya karɓe ni ya leƙa ƙarƙashin sitiyari yana lalube, riƙe da na'urarsa. Ramin da ake jona kwamfuta yake nema. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa duk sabuwar motar da za a sayar a Amurka ta zo da wannan rami, ta yadda mota za ta faɗi ciwonta da lamba. Tawa ta girmi dokar da shekara 11, kafireto gare ta, ba ta da bakin faɗin komai. Maigidansa ya fito ya gaya mini gaskiya: awa ɗaya ta aikinsu ta haura dala 100, kuma bai san awa nawa za su ci suna lalube ba. Ya ce in nemi tsofaffin da ke wasa da irin waɗannan motoci.

A nan bambancin farko yake, kuma daga shi sauran suka samo tushe. A gida guminmu ne mai araha, kayan gyara ke da tsada. Bakanike zai wuni a ƙarƙashin mota, ya kwance, ya wanke, ya lanƙwasa, ya ɗaure da waya, don kada a je Ƙofar Ruwa ko Fanteka sayen sabon abu. A Amurka kaya ne ke da sauƙi, hannun mutum ke da tsada. Saboda haka tsohuwar motar jeji a nan mai ita ne bakanikenta, ranar Asabar, a ƙofar gidansa.

Tsohon da na samu maƙwabcina ne, bature mai ritaya da ya yi aikin gyaran injinan sanyaya ɗaki. Da na bayyana masa ciwon, bai taɓa motar ba. Littafin rubutu ya miƙo mini, ya ce in rubuta: da sanyi take yi ko da zafi, a hawa ko a gangara, tanki cike ko ya yi ƙasa, me aka canza mata kwanan nan. Sannan ya kafa mini sharaɗi guda, cewa abu ɗaya za mu riƙa taɓawa a lokaci ɗaya, mu gwada, mu rubuta. Ya ce in ka canza abu biyar mota ta warke, ba ka san wanne ya warkar da ita ba, in ta sake kwanciya ka koma farko. Raina ya ɗan sosu, don ni so nake ta tashi a ranar.

Kada mai karatu ya ɗauka duk haka suke. Da na buɗe akwatin takardun motar na ga rasit ɗin wanda ya sayar mini: sabon kwayil, sababbin fulogai, sabon famfon mai, sababbin wayoyin wuta, duk cikin wata biyu. Ashe ya san ciwon, ya yi ta jifansa da kaya bai same shi ba, ya gaji ya sayar. Har suna gare su na ba'a ga mai wannan hali, sukan ce yana harbin mota da igwar kayan gyara. Namu bakaniken ba ya iya wannan almubazzaranci ko ya so.

Asabar ta biyu, wajen ƙarfe goma na safe a nan, bayan la'asar ke nan a Kano, na kira Kawu ta WhatsApp. Ƙanin mahaifiyata ne, ya haura shekara 40 yana riƙe da sufana.

Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, wata tsohuwa ce ta hana ni barci."

Ya ce, "Tayar da ita, ɗan nan, ka kara mini wayar."

Na kara. Ya yi shiru kamar minti ɗaya. Ya ce in cire murfin matatar iska, in rufe rabin bakin kafireton da tafin hannu. Ina rufewa sai silo ya daidaita, jijjigar ta ragu.

"Iska take sha ta wani wuri," in ji shi. "Bi tiyo-tiyon nan da yatsa, akwai wanda ya tsage. Batun cijewa kuwa, kashe ta, ka leƙa cikin maƙogwaronta, ka ja totur da hannu. In ba ka ga ta tsarto mai ba, ɗan famfon nan na ciki ya mutu."

Na leƙa, na ja, ko ɗigo babu.

Maƙwabcina yana tsaye yana kallo, na fassara masa. Bai ce komai ba, ya je ya ɗauko wani ɗan agogo mai tiyo, wanda ke auna ƙarfin zuƙar iskar injin, ya jona. Allurar ta tsaya ƙasa da inda ya kamata, tana yawo. Ya ɗauko gwangwanin maganin wanke kafireto ya riƙa fesawa kaɗan-kaɗan a gindin kowane tiyo. Da ya zo kan wani siriri da ke bayan kafireton sai ƙarar injin ta canza. Muka ciro shi, ga tsaga nan ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ya dube ni ya ce in gaya wa wannan mutumin ya sara masa.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Injin fetur yana son iska kusan kashi 15 ga kowane kashi ɗaya na mai, bisa nauyi. A silo man da ke shiga kaɗan ne ƙwarai, don haka 'yar iskar da ta saci hanya ta tsagar tiyo ta isa ta tsinka haɗin har wuta ta kasa kama shi. Tafin hannun Kawu ya rage iskar da ke bi ta ƙofa, sai lissafi ya koma daidai. Cijewar kuma, idan ka taka totur iska ce ke riga mai shiga, shi ya sa aka yi ɗan famfon da ke tsarta mai a daidai wannan lokaci. Robarsa ta bushe, ta daina tsartawa.

Me ya busar da ita? A nan ma ƙasashen biyu sun rabu. Yawancin fetur ɗin Amurka yana da kashi 10 cikin 100 na sinadarin etanol da ake samu daga masara. Yana jan danshi, yana cin tsofaffin robobin da aka ƙera kafin zuwansa. Ga shi irin waɗannan motoci sukan kwana a rufe duk tsawon hunturu, man ya tsufa a ciki ya zama danƙo ya toshe ƙananan ramukan kafireto. Tasu zama ke kashe ta. Tamu kuwa ba ta samun hutun da mai zai tsufa a cikinta. Abokan gabarta su ne ƙurar hunturu, tsatsar tanki, da man galan na 'yan bumburutu wanda wani lokaci an sirka shi da kananzir ko ruwa ya shige shi. Masu mota ba su manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima Najeriya. Shi ya sa bakaniken gida yakan fara da shinshina mai da busa matata da baki, kuma yana da hujja.

Inda suka saɓa shi ne magani. Kawu ya ce in tumɓuke tiyo-tiyon nan duka, in toshe ramukan da kusoshi. "Kayan ƙawa ne na Turawa, mu nan duk cire su muke yi, mota ta huta." Haka kuwa ake yi, kamar yadda ake cire tamostat da zarar mota ta sauka daga Kwatano. A yankin Denba ba za a sabunta maka takardun irin wannan mota ba sai ta ci gwajin hayaƙi, kuma mai gwajin yana duba ko kayan suna nan. Muka sayi tiyo mita da yawa, muka bi zanen da ke littafin kamfani, muka canza su ɗaya bayan ɗaya. Asabar biyu ya ci.

Akwai kuma inda kunnen Kawu ya gaza, kuma ba laifinsa ba ne. Na gaya masa in na kama hanyar duwatsu ta yamma motar takan rasa ƙarfi, sai na koma giya ta uku ina rarrafe. Nan take ya yanke hukunci cewa injin ya gaji, sai an sauke shi an sa ringi. Maƙwabcina ya auna matsin silinda shidan, duk suka zo kusan daidai da juna. Denba kanta tana mita 1,609 sama da teku, ramin Eisenhower da ake ratsa dutse ta cikinsa yana wajen mita 3,400. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos da muke kira tudu tana wajen 1,200. Injin da ba shi da turbo, na'urar da ke cusa masa iska da ƙarfi, yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa, don iska ta yi shara-shara. A bakin ramin nan kusan sulusin ƙarfinta ya tafi, lafiyarta ƙalau. Abin da ya fi ba ni dariya, cikin tiyon da Kawu ya ce a tumɓuke har da na wata 'yar na'ura da Toyota ta sa don ta daidaita haɗin mai da iska a kan tudu. Da na bi maganarsa ta sa ringi, da na sauke injin mai lafiya.

Duk da haka, in mota ta mutu mini tsakanin Agadas da Dirku, Kawu nake so a gefena. Shi ne zai ɗaure jarka a kan rufi ya jawo tiyo zuwa kafireto, mai ya gangaro da kansa, mu isa gari. Maƙwabcina zai so ya san dalili tukuna, rana kuwa ba ta jira. Abin da ke damuna da garejinmu shi ne gyaran a-kai-gida yakan zama gyaran dindindin, kuma ba a rubuta komai. Duk abin da Kawu ya sani yana cikin kansa da yatsunsa. Yaran da ke koyo a wurinsa suna ganin ya ɗora hannu a bakin kafireto, amma ba lallai a gaya musu me hannun yake aunawa ba, ga shi motocin da ke shigowa yanzu masu injekta ne, ba su da bakin da za a ɗora wa hannu.

Motar ta ci gwajin hayaƙi a karon farko. Da wani ɗan garinmu zai je gida hutun sallah, na saya masa irin agogon nan da na auna matsin silinda, duka biyun ba su kai kuɗin awa ɗaya na garejin nan ba, na ce ya kai wa Kawu. An ce ya jujjuya su, ya ce shi kunnensa bai toshe ba tukuna, ya miƙa wa babban yaronsa. Yaron ne yanzu ke turo mini hoton allura yana tambayar me take nufi.