Ido Ba Ya Jiran Gobe

A wata unguwa ta birnin Maradi, cikin tsakiyar hunturu, wata yarinya 'yar shekara 12 ta tsinci ɗan kyanwa a bayan katangar majami'a, ran Lahadi bayan an tashi daga sujada. Yana kwance cikin wani yagaggen kwali, yana kuka da 'yar muryar da ba ta fi ta ɗan tsako ba. Babu uwa kusa, babu 'yan'uwa. Sai ta naɗe shi a bakin zanenta ta kai gida.

Kakarta ce ta fara ganinsa. Ta karkata kai don ta dube shi da idonta na dama, gama na hagun hakiya ta rufe shi tun tana ƙarama. Ta ce, “Kishiyata, me kika jajibo mana kuma?” Duk da haka ita ce ta ba da tsohon zane aka shimfiɗa masa a kwando, ta sa aka ɗura ruwan ɗumi a kwalba, aka naɗe ta da tsumma aka ajiye kusa da shi. Daidai ta yi, domin ɗan kyanwa ƙarami ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa shi kaɗai, sanyi kuwa yakan kashe shi kafin yunwa.

A ranar nan idanunsa suna zubar da ruwa kaɗan, fari tas kamar hawaye. Ba wanda ya damu. A hunturu ƙura takan sa idon mutum ma ya yi ruwa. Amma ran Talata da safe abin ya sake. Ɗan kyanwan ya soma atishawa, kwantsa ruwan ɗorawa ta taru a gefen idanunsa, na dama kuma ya manne ruf.

Da maƙwabta suka ji, kowa ya zo da nasa magani. Wata ta ce a sa masa kwalli. Wata ta ce mai goyo ta ɗiga masa nono a ido. Wani saurayi ya kawo ragowar maganin ɗigawa da aka rubuta wa mahaifinsa bara, ya ƙara da cewa a gutsura masa farasitamol a jiƙa a ruwa. Dukansu da kyakkyawar niyya suka zo. Yarinyar ta rasa wanda za ta bi, sai ta ɗauki tsumma ɗaya ta goge idanun duka biyu, ta bar sauran shawarwarin tukuna.

Ran Laraba ya ƙi cin abinci. Da dare yarinyar ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, “Baba, don Allah a kai shi wurin likitan dabbobi.” Mahaifin ya yi dariya. Ya ce wurin nan na masu shanu da tumaki ne, wa zai shiga layinsu riƙe da ɗan kyanwa a kwando? Ga kuɗin mota, ga na magani, hatsi kuma ya yi tsada. Ya ce a ƙara masa kwana biyu a gani.

Nan ne tsohuwar ta sa baki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce sa'ad da take kamar jikarta, idonta na hagu ya yi ja ya soma kwantsa. Iyayenta suna ƙaunarta ƙwarai, amma asibiti da nisa, ga aikin gona, sai suka ce a ƙara kwana biyu a gani. Aka sa kwalli, aka sa ruwan ganye. Da aka kai ta daga baya, ba sauran abin yi. Ta ce wa ɗanta, “Kwana biyun nan ne nake ɗauke da su har yau.” Ta kwance bakin zanenta, ta miƙa masa kuɗin da ta tara na sayar da ƙuli-ƙuli. Mahaifin bai karɓa ba. Da gari ya waye shi da kansa ya ɗauki kwandon.

Gaskiya ne, makiyaya sun yi musu dariya a bakin ƙofa. Likitan kuwa bai yi ba. Ya duba haƙoran ɗan kyanwan da tafiyarsa, ya ce bai wuce mako 4 ba. Ya jiƙa kwantsar har fatar idon ta buɗe da kanta, sa'an nan ya ɗiga wani ruwa mai launi ya haska da fitila. Wani ɗan wuri a kan ƙwayar idon dama ya fito kore. Ya ce gyambo ne ya soma.

Ya bayyana musu cewa yawancin irin wannan ciwo murar kyanwa ce ke kawo shi. Ƙwayoyin cuta iri biyu ne suka fi jawo ta, hafis da kalisi na kyanwa, wasu ƙwayoyin kuma sukan hau kai su sa mugunya. 'Ya'yan kyanwar da aka yar sun fi kamuwa, gama ba su sha nonon uwa sosai ba, ga yunwa da sanyi. In majina ta toshe hanci, kyanwa ba ta jin ƙanshin abinci, in ba ta ji ƙanshi ba kuwa sau da yawa ba ta ci. Shi ya sa ya bar cin abinci.

Da ya ji labarin maƙwabta, sai ya girgiza kai. Farasitamol guba ne ga kyanwa, ɗan guntu ma yana iya kashe ta. Wasu magungunan ɗigawa na mutane suna da sinadarin rage kumburi wanda in ya sami gyambo a ido sai ya ƙara zurfafa shi, har idon ya fashe. Kwalli da nono kuwa ba sa kashe cutar, sai dai su ƙara datti. Tsumma ɗayan nan ma kuskure ne, domin yana kwashe cuta daga wannan ido ya kai wancan.

Ya ce wa yarinyar, “'Yata, saurara da kyau.” Ruwa fari kaɗan, ido a buɗe, ɗan kyanwa yana ci yana wasa, wannan ana iya gogewa a lura da shi kwana ɗaya. Amma in kwantsar ta zama ruwan ɗorawa ko kore, ko ido ya manne, ko ya kumbura, ko ƙwayar idon ta yi hazo, ko yana runtse shi yana sosawa, to, ranar nan za a nemi likita. Haka kuma in ya tsallake cin abinci ko ya yi laushi, gama ƙaramin jiki ba shi da ajiya. Jariran kyanwa sukan buɗe ido tsakanin kwana 7 zuwa 14. In fatar idon ta kumbura tun bai buɗe ba, mugunya ce ta taru a ciki, kada a ɓare da ƙarfi, a gaggauta kawo shi.

Ya rubuta musu man ido, ya nuna yadda ake sawa. A tafasa ruwa ya huce, a jiƙa auduga, a goge daga wajen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa. A share masa hanci, a ba shi dafaffen kifi ko nama mai laushi da ɗan ɗumi, ba gishiri ba albasa, a bar ba shi madarar shanu don tana sa zawo. A raba shi da sauran kyanwoyi, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi. In ya warke ya ƙara girma, a komo da shi a yi masa allurar rigakafi, har da ta ciwon hauka sa'ad da ya kai wata 3. Ya kuma gargaɗe su cewa ƙwayar hafis takan zauna a jikin kyanwa muddin ranta, ciwon yana iya tasowa in ta wahala.

Mako biyu yarinyar tana wannan hidima safe da rana da dare, kakarta tana riƙe mata fitila. Idon hagu ya warke sarai. Na dama ya warke shi ma, amma ya bar ɗan farin tabo a gefe. Mahaifin yakan dubi tabon nan ya yi shiru, gama ya san da an tafi tun ran Talata, watakila da babu shi.

Mai karatu, in ka tsinci irin wannan 'yar halitta ka kawo ta gida, ka riga ka ɗauki nauyinta. Ka goge mata ido, ka ɗumama ta, ka ciyar da ita, amma ka san inda iyawarka ta tsaya. Yanzu ɗan kyanwan ya zama muzuru, ɓeraye sun ƙaurace wa ɗakin hatsi. Da yamma a gefen tabarmar tsohuwar yake kwanciya, ita kuwa takan ce da shi “ɗan'uwana”.