Tabkin Madarumfa: kwarjinin waliyyai da gatarin mai ice

Duk wanda ya girma a Maraɗi ya san tabkin Madarumfa, ko da bai taɓa tsoma ƙafa cikinsa ba. Yana kudu da birnin, tafiyar kilomita 20 da ƴan kai. Idan Gulbin Gabi ya kawo, Gulbin Maraɗi kuma ya yi ambaliya, faɗinsa yakan kai wajen hekta 800, da rani ya ja da baya ya bar wa masu lambu danshi. Ba ya ƙafewa, abin da ba kowane tabki ne ke iya alfahari da shi ba a ƙasar Nijar. Daga arewa ga gandun daji na gwamnati, a kewaye kuma ga kaburburan da mutanen garin suke cewa na waliyyai 99 ne, inda ake zuwa ziyara da addu'a.

Ranar Lahadi wurin yakan karɓi baƙi. Ma'aikaci ya ɗauko iyali a mota, ɗan kasuwa ya rufe kanti ya zo shan iska ƙarƙashin kukoki, a shiga jirgin masunta, a sayi karfasa da tarwaɗa, a kalli zalɓe da balbela da kirinjijiya, da tsuntsayen da suke ƙetaro hamada daga Turai lokacin ɗari. Da la'asar kowa ya kama hanyar gida yana yabon ikon Allah. Kaɗan ne ke lura da cewa yashi yana cin tabkin daga ƙasa.

Yadda abin yake faruwa ba boyayye ba ne. Ice ne ke riƙe ƙasa da saiwarsa. Idan an sare shi, aka noma har bakin ruwa, to ruwan sama na farko sai ya kwashe yashi da laka ya zuba cikin tabki. Zurfi ya ragu, ruwa ya yi saurin zafi da tsotsewa, kifi ya rasa wurin ƙwai, masunci ya ƙara matse idon komarsa don ya samu na tuwo, ya kama har ƴan ƙanana. Ta haka abincin baɗi ke ƙarewa a kaskon bana.

Akwai kuma maganar ruwan da ke zuwa daga ƙetare. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya a farkon shekarun 1990 ambaliyarsa ba ta zama kamar ta da ba. Nijar da Najeriya sun sa hannu a Maiduguri cikin 1990 kan yarjejeniyar raba ruwan gulaben da suka haɗa su, har da wannan. Wannan magana ce ta hukumomi, a teburinsu za ta ƙare.

Takardun girmamawa kuwa ba su yi ƙaranci ba. A 2006 Nijar ta sa tabkin da gandun da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. A 2019 aka sa shi ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971 don kare dausayi da tabkuna. Abin farin ciki ne, amma takarda ba ta tare yashi. A da kwarjinin waliyyai ya isa ya sa mai gatari ya yi tunani sau biyu kafin ya ɗaga hannu. Yau yunwa da kuɗin ice sun fi kwarjini ƙarfi, kuma ma'aikacin gandun daji guda ba ya tsare dajin da dubban murahu suke jira.

A nan ne maganar ta komo kan mutumin birni. Amalanken icen da ke shiga Maraɗi kullum daga dazukan kudu, irin su Baban Rafi, ba don ƙauye ake lodinsu ba. Wanda ya sha inuwa ranar Lahadi shi ne ke sayen icen ranar Litinin, bai tambayi inda aka saro shi ba. Alhali dokar 1992 ta kafa kasuwannin ice na karkara, domin ƙauyuka su riƙa sara bisa ƙa'ida, su ci riba, wani kaso na haraji ya koma gyaran daji. Alhali kuma a nan jahar Maraɗi ne, tun shekarun 1980, manoma suka nuna wa duniya sassaben zamani: a bar tohon kututture ya girma cikin gona, gawo da kalgo su komo ba tare da an dasa ba. Maganin yana gida.

Abin da ya rage wa mai hali kaɗan ne, kuma yana iyawa: ya sa murhun da ba ya cin ice da yawa ko na gas a gidansa, ya ƙi sayen kifin da bai kai yatsa uku ba, ya kwashe ledarsa in ya tashi daga bakin ruwa, ya sa baki idan ana zancen kasafin kuɗin gari. Masu iya magana sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tabki ma tun da sauran zurfinsa ake ceto shi, gama masunta da masu lambu da makiyayan da suke ci daga gare shi ba su da wani tabkin da za su koma. Allah shi kiyaye.