Baƙar Leda a Aljihun Dattijo

Tun ina yaro a Kano nake ƙera jirgin sama. Da karan dawa muke yi, mu ɗaura masa zare mu zuba a guje cikin lungu. Bai taɓa barin ƙasa ba, amma hakan bai dame mu ba.

Da aiki ya kai ni Ingila, wata Lahadi na bi ta gefen wani filin ciyawa a bayan gari, sai na tarar da dattawa sun jeru, kowa da rimot a hannu, ido a sama. Kulob ne na masu tuƙa ƙananan jirage. Kafin wata ya ƙare na yi rajista.

Wata shida na yi a kan jirgin koyo, mai haƙuri kamar jakin kuka. Ana haɗa rimot ɗina da na malamina, da na rikice sai ya karɓe tuƙin. Darasin da ya fi ba ni wuya shi ne, in jirgi ya juyo yana fuskantarka, damarsa ta zama hagunka.

Malamin nawa ya haura saba'in. Hunturu biyu ya kwashe yana gina jirgin yaƙi samfurin Spitfire da katakon balsa, kashi ɗaya cikin shida na girman na gaske. Na gasken faɗin fukafukansa ya ɗan ɗara mita 11, nasa kuwa ya kusa mita biyu. A bakinsa na fara jin cewa runduna ta 91 ta sojan saman Birtaniya sunan Nijeriya take amsawa, saboda gudummawar da ƙasarmu ta bayar a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma irin wannan jirgi matuƙanta suka tuƙa. Ni kuma na ba shi labarin jiragen da ake harhaɗawa a Takoradi, su yada zango a Kano da Maiduguri a kan hanyarsu ta zuwa Masar. Daga nan muka shaƙu.

Ran nan, jirgin yana sama, ya miƙo mini rimot ɗinsa. Babu haɗi, babu mai karɓa. Na yi zagaye uku lafiya, saura sauka. Irin wannan jirgi ba ya yafiya: yana da nauyi, in ka rage masa gudu fiye da kima a kan kwana, sai fiffike ɗaya ya daina ɗaukarsa. Na san haka sarai. Amma tsoron kada in buga shi da ƙasa ya sa na yi ta rage wuta. Ya karkata hagu, ya kifa, ya soki ƙasa da hanci.

Filin ya yi tsit. Na kasa ɗaga kai. Dattijon ya sa hannu a aljihu ya zaro baƙar leda, a ninke tsaf.

"Taso, ɗana," ya ce. "Ka tsince komai, ko guntun da bai kai farce ba."

Muna tsinta na ce zan biya. Ya girgiza kai. "Kuɗi ba sa liƙa katako. Ka zo gareji ranar Asabar." Can ya ƙara da cewa, "Ba ganganci ne ya kayar da shi ba. Tsoro ne."

Wata huɗu muka yi muna liƙe-liƙe da goge-goge. Sai a tsakiyar aikin na tambaye shi yaushe ya sa ledar nan a aljihu. Ya ce tun da safe, kafin ya baro gida. Ashe ya san abin da zai iya faruwa, kuma ya miƙo mini.

Jirgin ya sake tashi, da ɗan tabo a ƙarƙashin fiffiken hagu. Ni na sauke shi, hannuna na rawa, amma ban rage wuta ba. Yanzu akwai wata yarinya 'yar shekara 12 da nake koya wa tuƙi. Duk ranar da za mu fita, sai na ninke leda na sa a aljihu.